Kashe kai ba gadon ƙabila ba ne

Duk lokacin da aka ce wani ya nemi halaka kansa, sai ka ji ana cewa: «Ai halinsu ne, ƙabilarsu haka suke.» Wannan magana tana bukatar gyara, kuma abin da ya faru a ƙasar Kanada ya isa misali.

Ma'aikatar ƙididdiga ta Kanada ta nuna cewa daga 2011 zuwa 2016, yawan masu kashe kansu cikin ƴan asalin ƙasar, wato Indiyawan daji, ya ninka na sauran jama'a sau 3. Wajen ƙabilar Inuit, mazauna arewa mai ƙanƙara, ya ninka sau 9. Mai gaggawa sai ya ce a jininsu abin yake. To amma a 1998, masu bincike biyu, Chandler da Lalonde, sun bi garuruwan waɗannan ƴan asali a jihar Kolombiya ta Birtaniya. Sun tarar a wasu garuruwan matasa na mutuwa birjik, a wasu kuwa ba a samu ko guda ba. Jini ɗaya, sakamako daban. Inda mutane suka riƙe ƙasarsu, makarantunsu, likitocinsu da al'adunsu a hannunsu, can ne matasa suka tsira.

Kar a manta, an ƙwace yara wajen 150.000 daga hannun uwayensu, aka tsare su a makarantun kwana, aka hana su yarensu. Sai a 2008 gwamnati ta nemi gafara. Wanda aka raba da tushensa, ina zai dafa ran da duniya ta yi mashi zafi?

Mu ma kar mu ce abin na nesa ne. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a 2019 Afirka ce kan gaba a duniya wajen wannan bala'i. Yarinyar da aka yi wa auren dole, da saurayin da ya dawo daga bida hannu wofi, baƙin cikinsu bai san Bahaushe ko Bazabarme ba.

Addini ya haramta kashe kai, gaskiya ne. Amma wanda Allah ya kuɓutar, gori ba zai warkar da shi ba. A zauna da shi, a saurare shi, a kai shi likita. Magabata kuma su ƙara yawan likitocin ƙwaƙwalwa a jihohi, don kowa ya samu wurin kai kukansa kusa da gida.