Masu Gida a Gidan Aro

Maudu'inmu na wannan mako ƙwallo ne, kuma tambayar ita ce: idan ƙungiyar da mutum yake goyon baya ta tattara komatsanta ta bar garinsa, ya bi ta ko ya rabu da ita? Ra'ayinmu shi ne a fara duba abin da ya fitar da ita. Wadda larura ta kora ta cancanci a bi ta. Wadda ta sayar da garinta don kuɗi ba ta bin kowa bashin biyayya.

Mu fara da maƙwabta. Kirarin Kano Pillars shi ne "Sai Masu Gida", kuma ta ci kofin gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. Amma a 2020, lokacin annobar korona, aka mai da filin wasa na Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Masu gida suka zama 'yan gidan aro, duk wasan "gida" sai an bi ta Zariya kafin a isa. Haka El-Kanemi Warriors ta Maiduguri: rikicin Boko Haram ya sa ta yi zaman gudun hijira a wasu garuruwa, har da Katsina, kafin ta koma gida a 2016. Babu wanda zai ce waɗannan ƙungiyoyi sun ci amanar magoya bayansu. Ba su sauya suna ba, ba su sauya riga ba, kuma kowa ya san niyyarsu komawa gida.

Ga kuma ɗaya nau'in. A Ingila, ƙungiyar Wimbledon, wadda ta doke Liverpool ta ɗauki kofin FA a 1988, ta samu izini a 2002 ta bar kudancin Landan zuwa Milton Keynes, nisan da ya ɗan zarce na Zariya zuwa Kaduna. Masu ita sun hango kasuwa a can. Ta tashi a 2003, a 2004 ta zama MK Dons. Magoya bayanta suka ƙi bi. Suka haɗa kuɗi suka kafa AFC Wimbledon, suka faro daga mataki na tara, a 2011 suka shiga gasar ƙwararru, a 2020 suka koma sabon fili a tsohuwar unguwarsu ta Plough Lane. A ganinmu su ne masu gaskiya. Attajiri yana iya sayen lasisi da 'yan wasa, amma mutanen da suka yi shekaru suna cika fili ba sa cikin cinikin.

Mu 'yan cikin ganuwa bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba. Lokacin jihadi Sarki Makau ya bar birnin nan ya yi kudu, ɗan uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja, kuma har gobe sarautar can Sarkin Zazzau ce. Sunan ya yi tafiya, amma Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana suna nan inda suke, da jama'ar da ke cikinsu. Wasu sun bi sarki, wasu sun zauna, kowane ɓangare yana kiran kansa Bazazzagi. Ashe tun kafin ƙwallo mun san zafin tambayar nan.

Wani zai ce mana: ku da kuke cika gidajen kallo a Babban Dodo da Kwarbai saboda Arsenal da Real Madrid, ina ruwanku da gari? Ai ita ma Arsenal ɗin a 1913 ta bar Woolwich ta ƙetara kogi zuwa arewacin Landan, yau wa yake tunawa? Maganar tana da ƙarfi. Sai dai soyayyar talabijin ba ta da asara. Da Arsenal za ta sake tashi gobe, mai gidan kallo ba zai rasa ko kwabo ba, mu ma benci ɗaya za mu zauna. Amma idan ƙungiyar gida ta tashi, mai rake da mai gyaɗa da mai ruwan leda da ɗan acaɓa sun rasa cinikin ranar wasa, yaron unguwa kuma ya rasa inda zai ga ɗan garinsu sanye da rigar da yake mafarki.

Akwai kuma gaskiya mai ɗaci. A watan Afrilun 2022, da Pillars ta dawo Kano, wasu 'yan kallo suka farfasa motar Katsina United. Hukumar gasa ta ci tarar ƙungiyar, ta zaftare mata maki, ta tura ta Abuja, a ƙarshen kakar kuma ta faɗa ƙaramar gasa, sai a 2023 ta dawo. A nan masoyan ne da hannunsu suka kori abin da suke so. Idan muna neman ƙungiya ta riƙe amanar gari, dole gari ya riƙe tata: a sayi tikiti, a bar baƙo ya koma gida lafiya, a haƙura ranar da aka sha kashi.

Mu marubuta, ga fili nan ba a noma ba. Littattafanmu sun cika da kishiya da auren dole, amma nawa ne suka ba da labarin direban motar ƙungiya, ko dattijon da ya daina zuwa fili tun da aka tafi da ƙungiyarsa? Zariya ba ta da wakili a babbar gasar ƙasa, amma kowace unguwa tana da ƙungiyarta da tarihinta a bakin mutane. Kowa ya samu tsohon ɗan wasa ɗaya a unguwarsu, ya tambaye shi sunan ƙungiyarsu, filin da suka buga da abin da ya wargaza ta, ya rubuto mana kafin mako mai zuwa. Allah Ya yi mana jagora.