Mikel Obi: Ɗan wasan da Chelsea ta sauya wa fasali, Najeriya ta ɗora wa nauyi

Tun daga watan Nuwamban 2025 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Super Eagles a bugun fenariti a birnin Rabat, lamarin da ya hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya karo na biyu a jere, masoya ƙwallon ƙafa ke ta tambayar inda gizo ke saƙa.

Ƙasar ba ta rasa masu cin ƙwallo ba, domin Victor Osimhen da Ademola Lookman sun lashe kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023 da 2024. Ƙorafin da aka fi ji shi ne na tsakiyar fili, da kuma yadda ake tafiyar da tawagar.

Duk matsalolin biyu suna cikin tarihin mutum ɗaya, wato John Mikel Obi, haifaffen Jos wanda ya rataye takalmansa a 2022.

Yaron da ya bi bayan Messi

An haifi Mikel a 1987, ya kuma fara fitowa ne a Plateau United kafin ya koma ƙungiyar Lyn ta ƙasar Norway.

Duniya ta san shi a 2005, a gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan. Najeriya, ƙarƙashin koci Samson Siasia, ta kai wasan ƙarshe inda Ajantina ta doke ta da ci 2-1. Lionel Messi ne ya zama gwarzon gasar, Mikel ya zo na biyu.

A lokacin, aikinsa shi ne shirya wasa: ya karɓi ƙwallo, ya ɗaga kai, ya raba ta ga masu kai hari. Da yawa sun ɗauka an samu magajin Jay-Jay Okocha.

Wannan baiwar ce ta haddasa rikici tsakanin Manchester United da Chelsea. United ta sanar cewa ta saye shi, har aka ɗauke shi hoto da rigarta, Chelsea kuma ta ce ita ta riga ta. Sai a 2006 aka sasanta, Chelsea ta biya fam miliyan 16, inda United ta karɓi miliyan 12 a kan ɗan wasan da bai taɓa buga mata wasa ba, Lyn ta karɓi miliyan 4.

Yadda Chelsea ta mayar da shi mai tsaro

Mikel ya tarar da tsakiyar Chelsea a cike. Akwai Frank Lampard da Michael Ballack da Michael Essien, kuma babu wanda zai matsa wa yaro ɗan shekara 19.

Gurbin da ake buƙatar cikewa shi ne na Claude Makelele, mai tsayawa gaban 'yan baya, wanda shekaru suka fara cim masa. Can koci Jose Mourinho ya tura shi.

Aikin wannan gurbi shi ne ƙwace ƙwallo, da toshe hanya, da miƙa ta ga na kusa ba tare da kasada ba. Mikel ya ƙware a kai, amma alƙaluma sun nuna abin da ya bari a baya: wasa 372 ya yi wa Chelsea, ƙwallo shida kacal ya ci. A gasar Firimiya kuwa ƙwallo ɗaya tak gare shi, wadda ya zura wa Fulham a 2013.

Ba za a ce ya yi asara ba. Ya ɗauki kofin Firimiya a 2010 da 2015, ya kuma buga minti 120 cif a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai ta 2012 da Chelsea ta doke Bayern Munich a gidanta. Masu kare Mourinho na cewa ba don sauyin ba, da wuya ya shekara goma a babbar ƙungiya irin wannan.

Sai dai ribar ta Chelsea ce da ta Mikel. Najeriya kuwa ta rasa abin da ta sa rai a kai.

Mutum ɗaya, aiki biyu

Duk lokacin da ya dawo gida, akan ba shi riga mai lamba 10, a ce ya shirya wasa, alhali ya kwashe watanni ana horar da shi a kan ya guji yin hakan. Shi ya sa ya sha suka cewa yana jan ƙafa da ƙwallo, ko yana yawan mayar da ita baya.

Lokacin da abin ya yi armashi shi ne a gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu. Marigayi Stephen Keshi ya ajiye Ogenyi Onazi kusa da shi domin ya ɗauke masa aikin ƙwace ƙwallo, Mikel ya samu sarari. Najeriya ta ci Burkina Faso 1-0 ta ɗauki kofin, kuma a shekarar Yaya Toure ne kawai ya sha gabansa a zaɓen gwarzon Afirka.

Darasin a bayyane yake: tsari ne ya fito da baiwar. Tun daga lokacin Najeriya ba ta sake ɗaukar kofin ba.

Farashin amsa kiran ƙasa

A 2016 Mikel ya jagoranci tawagar Najeriya zuwa gasar Olamfik a Brazil. Matsalar jirgi ta sa 'yan wasan suka maƙale a Atlanta da ke Amurka, sai 'yan sa'o'i kafin wasan farko suka sauka a Manaus, amma suka ci Japan 5-4. Daga baya Mikel ya ce ya kashe kuɗin aljihunsa a kan wasu buƙatun tawagar.

Lambar tagullar da suka ciyo ita kaɗai Najeriya ta samu a gasar baki ɗaya. Da ya koma Landan, sabon koci Antonio Conte bai sake sa shi a wasa ba, kuma a Janairun 2017 ya tafi ƙungiyar Tianjin TEDA ta ƙasar Sin.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A 2011 an sace mahaifinsa a Jos, aka gano shi a Kano. A 2018 aka sake sace shi, kuma labarin ya iske Mikel ne sa'o'i kaɗan kafin karawa da Ajantina a gasar kofin duniya a Rasha. Bai faɗa wa koci ko abokan wasansa ba, ya ɗaura ƙyallen kyaftin ya buga wasan har ƙarshe.

Ya daina buga wa Najeriya wasa a 2019, bayan ƙasar ta zo ta uku a gasar kofin Afirka a Masar.

Me ya sauya?

Kusan babu. Har yanzu matasa na barin gida da ƙuruciya, kuma ƙungiyoyin Turai ne ke yanke shawarar irin ɗan wasan da za su zama. Wilfred Ndidi da Frank Onyeka sun yi suna ne wajen ƙwace ƙwallo, shi kuwa Alex Iwobi da ake ɗora wa nauyin shirya wasa, a makarantar Arsenal ya taso. Gasar cikin gida ba ta da ƙarfin riƙe yaro mai hazaƙa har ya gama koyon sana'arsa.

A ɓangaren shugabanci ma haka. Kwanaki kaɗan kafin shan kashin Rabat, 'yan wasan Super Eagles sun ƙaurace wa atisaye saboda kuɗaɗen alawus da suke bin hukumar ƙwallon ƙafa ta NFF, shekara tara bayan abin da ya faru a Atlanta.

Mikel ya rufa wa tsarin asiri da aljihunsa da gurbinsa a Chelsea. Muddin NFF ba ta zuba jari a horar da yara da biyan haƙƙin 'yan wasa a kan lokaci ba, Najeriya za ta ci gaba da jiran wani ya yi irin wannan sadaukarwa, kuma ba kullum ake kwana a gado ba.