Sharhi: Dalilin da ya sa mutuwar jarirai sabbin haihuwa ta ƙi raguwa a Najeriya

Binciken lafiya na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke Abuja ya nuna cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu daga 132 cikin kowace haihuwa 1,000 a 2018 zuwa 110 a binciken 2023 zuwa 2024.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne watan farko, domin mutuwar jarirai cikin kwanaki 28 na farko ta ƙaru daga 39 zuwa 41.

Rigakafi da gidan sauro kan ceci yaron da ya ɗan tasa. Amma bakwaini, ko jaririn da ya kasa numfashi, ko wanda cibiyarsa ta kamu da cuta, ƙwararriyar ungozoma yake buƙata nan take. A Arewa maso Yamma, inda akasarin mata ke haihuwa a gida, taimakon kan zo a makare.

Muradin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne adadin ya sauko zuwa 12 nan da 2030. Hakan ba zai yiwu ba sai asibitocin karkara sun samu ungozomomi da lantarki dare da rana.