Rabin aiki da cikon gwamnati ya fi takardar sallama

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakokinta da Nijar, kwanaki kaɗan bayan haka Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana. Ba a jima ba motocin albasa masu nufar Gana suka yi cirko-cirko a hanya, kaya na ruɓewa cikin buhu. Duk wanda ya san kasuwar albasa ta Tamaske, ko ta Madawa da Galmi, ya san yawan bakin da mota ɗaya take ciyarwa: mai zaɓe, mai cika buhu, mai ɗinke baki, ƴan dako, dillali, direba da karen mota, har da mai tuwo a bakin tasha. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024.

Kuma ba shi ne farau ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, korona ta shigo a tsakiya. Sau uku cikin shekara biyar kasuwa ta tsaya cak, ba don lalacin ɗan kasuwa ko ragwancin ma'aikaci ba, sannan ta sake buɗewa. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da ƙasarmu za ta tanadi hanyar riƙe mutane a bakin aikinsu idan irin haka ta sake aukuwa.

A yau, mai kamfanin da ciniki ya tsaya masa hanya biyu gare shi. Ko ya sallami ma'aikata, ko ya tura su gida su jira, abin da ma'aikata ke kira shomaj teknik. Dokar aiki mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012 ta san da wannan dakatarwa, sai dai baitulmali ba ya sa ko dala a ciki. Asusun CNSS yana biyan kuɗin iyali, da na haɗarin aiki, da fansho, amma ba shi da reshen da ke kula da wanda aikinsa ya tsaya. Ma'aikacin da aka ce ya je ya jira, da shi da wanda aka kora, tukunyarsu ɗaya ce a ƙarshen wata.

Jamus ta daɗe da samun hanya ta uku, wadda take kira Kurzarbeit. Maimakon kamfani ya kori rabin ma'aikata, sai ya rage wa kowa awannin aiki. Shi zai biya awannin da aka yi, hukumar samar da aiki kuma ta cika kashi 60 cikin ɗari na abin da ma'aikaci ya rasa, ko kashi 67 idan yana da ƴaƴa. A 2009 tattalin arzikin Jamus ya ja baya da kusan kashi 5 cikin ɗari, amma rashin aiki bai ƙaru ba sai ɗan kaɗan, domin mutum sama da miliyan ɗaya suna cikin wannan tsari. A Afrilun 2020 sun kai kusan miliyan 6. Faransa ma ta bi irin wannan hanya a lokacin korona.

Mu kawo lissafin gida. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a Janairun 2024. Idan aka rage wa mai wannan albashi rabin awanninsa, kamfani zai ba shi 21,000, asusu ya cika masa 12,600, ya koma gida da 33,600. Kuɗin ba za su wadata ba, babu mai musun haka. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin jaka talatin da uku da babu ko sisi, kuma sunansa na nan a takardar kamfani, shekarun fanshonsa ba su yanke ba.

Mai kamfani ma yana da riba a ciki. Mutumin da ya shekara goma yana kula da tanderun siminti a Malbaza, ko bakanike, ko direban babbar mota, ba a samunsa a kasuwa kamar buhun gero. A yankin Adar kowa ya san inda namiji ke nufa idan aiki ya yanke: bida. Sai Abijan, sai Legas, sai Aljeriya ko Libiya. Ranar da iyaka ta buɗe, ciniki ya dawo, gwanin ya riga ya yi nisa, dole a ɗauki sabon hannu a fara koya masa daga tushe.

Wani zai ce wannan shagalin ƙasashe masu kuɗi ne. To, Maroko ba Jamus ba ce. A 2020 ta biya ma'aikatan da aikinsu ya tsaya dirhami 2,000 a wata, ta hannun asusunta na CNSS, ga waɗanda aka riga aka yi wa rajista. Mu kuma masu albashin da ke da rajista a kamfanoni masu zaman kansu ba su da yawa, wanda ke nufin kuɗin da za a nema ba su fi ƙarfin ƙasa ba, muddin an fara tarawa tun kasuwa na tafiya: ɗan kaso daga mai kamfani, ɗan kaso daga ma'aikaci, gwamnati ta zuba jarin farko. Akwai ma wata fa'ida a gefe. Idan doka ta ce wanda bai yi wa ma'aikatansa rajista ba ba zai ga taro ba, masu ɓoye ma'aikata za su sami dalilin fito da su.

Tsarin yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta tun yanzu. Kamfanin COMINAK na Akokan ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, da ma'aikata kusan 600 ban da na ƴan kwangila, saboda yuraniyom ɗin ramin ya ƙare. Babu ragin awa da zai mayar da ma'adini cikin ƙasa. Irin waɗannan mutane haƙƙin sallama suke bukata da koyon wata sana'a. Saboda haka a sa wa tallafin wa'adi na ƴan watanni. A sa sufeton aiki da wakilan sandika su sa hannu kafin a fitar da kuɗi, a tura su kai tsaye zuwa asusun ma'aikaci ko wayarsa, kada su bi ta aljihun maigida. Kamfanin da ya ci tallafi sannan ya yi kora cikin wa'adin, ya mayar da abin da ya karɓa.

Saura tambayar da mutumin Tamaske, ko na Buza, zai yi, kuma yana da gaskiya: ina ruwan ɗan dako da CNSS? Mafi yawan masu cin abinci a albasa ba su da takardar aiki, balle a rage musu awa. Su kansu sun riga gwamnati sanin raba ɗan aikin da ya samu, domin a tasha layi ake bi, kowa ya sami rabonsa ko da kaɗan ne. Abin da babu shi ne mai cika musu ranakun da suka zauna.

A nan ƙasar Keita ba ta bukatar aron darasi daga Turai. Bayan farin 1984, aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumomin FAO da PAM na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙe dubban mutane a garuruwansu. Sun jera duwatsu a kan tuddai, sun haƙa ramukan tare ruwa, sun gina madatsai a ƙoramu, sun dasa itatuwa, ana biyansu da abinci. Mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, don mazan sun tafi bida. Fadamun da ake noman rani a cikinsu yau suna cin moriyar wannan gumi. Irin wannan ake bukata, amma a shirya shi tun kafin masifa: ranar da motoci suka daina lodi, ɗan dako ya yi kwana uku a kasuwa, kwana uku a gyaran madatsa, ko hanyar da ruwa ya cinye, ko ginin rudun ajiyar albasa, a biya shi da kuɗi a ƙarshen mako. Ƙungiyar masu albasa ta ANFO da shugabannin ƴan dako sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, su za su iya rubuta sunaye, hukumar gari ta tabbatar.

Muna kira ga ma'aikatar ƙwadago da ta zaunar da CNSS, da majalisar ƴan kasuwa, da manyan ƙungiyoyin sandika, su fito da daftarin asusun kafin a kammala kasafin kuɗi mai zuwa. A fara gwajin a jihar Tawa, inda masana'antar siminti ta Malbaza, da iyakar Kwanni, da kasuwannin albasa na Tamaske da Madawa suke cikin tafiyar yini ɗaya, kuma a soma rubuta sunayen ƴan dako tun kakar albasa ta bana.