Gani Ya Kori Ji

Yara, hanyar samun labari iri biyu ce. Ta farko ita ce ka zauna a ce maka, "An ce." Ta biyu kuwa ita ce ka tashi da ƙafarka ka je ka tambaya, ka ƙidaya, ka gwada. Ta farko ta fi sauƙi, amma ni a ganina ta biyu ce abin dogara, tun ba in magana ta shafi rayukan mutane ba. Ga labarin likitoci biyu, ku auna da kanku.

A cikin shekarar 1854 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta faɗa wa wata unguwa ta birnin Landan da a ke kira Soho. Cikin kwana goma sai da mutum fiye da 500 suka mutu. A zamanin nan yawancin likitoci sun ɗauka iska mai wari ce ke kawo wannan cuta. Amma wani likita, John Snow, ya daɗe yana zaton daga ruwan sha ta ke. Bai tsaya ga zato ba. Ya karɓo lissafin mamata daga ofishin da a ke rubuta mutuwa, ya yi ta bi gida gida yana tambaya inda su ke ɗebo ruwa.

Da ya tara amsoshi, sai ya ga yawancin mamatan daga famfon wata rijiya ta titin Broad Street suka sha. Kusa da famfon akwai gidan gajiyayyu mai mutum 535, amma 5 kaɗai suka mutu, domin gidan yana da tasa rijiya. Akwai kuma wata mata can nesa da unguwar, wadda a kan kai wa ruwan famfon don tana jin daɗinsa. Ita ma cutar ta kashe ta. To, in da iska ce, me ya raba gajiyayyun nan da ita, me kuma ya kai ta gidan matar nan?

Snow ya kai wa mahukunta abin da ya samo, ran 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Shi da kansa ya faɗa cewa cutar ta fara lafawa tun kafin ran nan, don mutane da yawa sun gudu. Kun ga halin mai bincike na gaske, ba ya ƙara wa labari gishiri. Daga baya aka haƙa, aka tarad da ramin ƙazanta dab da rijiyar, yana yoyo.

Wannan ita ce hanyar tambaya. Saura ta gwaji. A da, matuƙan jirgin ruwa da suka daɗe a teku su kan kamu da wani ciwo, dasashi ya kumbura, haƙora su yi ta girgiza. Kowa da maganin da ya ke yabo. A shekarar 1747 Likita James Lind ya zaɓi marasa lafiya 12 cikin jirgi guda, ya kasa su biyu biyu. Abincinsu ɗaya, sai magani ne ya bambanta. Waɗansu aka ba su ruwan teku, waɗansu wani abu dabam, mutum biyu kuwa aka riƙa ba su lemun zaƙi biyu da na tsami ɗaya kowace rana. Bayan kwana shida ɗaya daga cikin masu shan lemu ya koma bakin aiki, ɗayan ma ya sami sauƙi ƙwarai. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Watakila wani ya ce wannan wahala ce, ai maganar manya ta isa. Gaskiya ne, a cikin maganar manya akwai hikima mai yawa. Amma ku tuna, masu cewa iska ce ke kawo kwalara su ma manyan likitoci ne. Kuma ai manyanmu ne suka ce matambayi ba ya ɓata.

Har yanzu kwalara ta kan ɓulla a garuruwanmu, musamman da damina. Saboda haka in ma'aikatan lafiya suka zo gidanku da takarda suna tambaya, kada a ɓoye musu mara lafiya, kada kuma a faɗi abin da ba shi ne ba. Amsar ƙarya ɗaya tana iya sa a rufe rijiya mai kyau, a bar mai cuta.

Ku ma kuna iya fara koyon wannan aiki tun yau. Ku sami gwangwani biyu, ku zuba ƙasa iri ɗaya, ku shuka wake. Ku ajiye ɗaya a rana, ɗaya cikin duhu, ku riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Kowace safiya ku auna tsawonsu, ku dubi launin ganyensu, ku rubuta. Bayan mako biyu ku kai wa Malam abin da idonku ya gani, ba abin da aka ce muku ba.