RODI NA ƘARYA, TAKARDA TA ƘARYA: WA ZAI BIYA?

Ya kai mai jefa ƙuri'a! Ɗaga kai ka dubi dakin da ke bisa kan 'ya'yanka a makaranta. Ka san irin rodin da ke cikinsa? Ba ka sani ba. Birkila ma bai sani ba. Takarda kaɗai ta sani, ita kuwa takarda a ƙasar nan ta zama kayan sayarwa.

Bari mu yi maka bayani dalla-dalla. A kasuwar duniya ƙarfe ba ya tafiya sai da shaida. Masana'antar da ta narka shi za ta ba da takarda mai nuna lambar narkin, da abin da aka gauraya a ciki, da nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe. Mu ma muna da dokar. Tun 1971 aka kafa hukumar kula da ingancin kaya, wato SON. A 2005 aka fito da tsarin SONCAP, don a gwada kaya tun can ƙasar da aka yi su kafin a ɗoro su a jirgi. Ɗan kasuwa kuma sai ya cika Fom M a banki. To, doka ga ta nan tuli. Amma je ka kasuwar 'yan rodi da ma'auni a aljihu. Sau nawa aka ce maka mili 12, ka auna ka ga bai kai ba? Wa ya sa hannu? Wa ya buga hatimi? In ɓera da sata, daddawa ma da wari!

Za su ce maka ai dole ce, ba mu da namu. Wa ya hana mu? A 1979 aka ƙulla kwangilar Ajakuta da Tarayyar Sobiyat. Ga tama jibge a Itakpe. Aka gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Shekara arba'in da ɗoriya, babban murhun Ajakuta bai taɓa narka tama ba, ko sau ɗaya! A 2022 kuma gwamnati ta amince ta biya wani kamfani mai tushe a Indiya dala miliyan 496, kuɗin sasanta rigimar kwangila. Ba ƙarfe, ba aiki, sai biyan bashi. Kuɗin wa? Naka ne, malam.

Su kuwa manyan ƙasashe ba su yi barci ba. Amurka ta sa harajin kashi 25 cikin ɗari kan ƙarfen waje a 2018, ta ninka shi zuwa 50 a 2025. Tarayyar Turai, tun Oktoban 2023, ta ce mai shigar mata da ƙarfe sai ya rubuta yawan hayaƙin da aka fitar wajen yin sa. Kowa ya tsare ƙofar gidansa da takarda. Mu ne muka bar tamu a wangale, 'ya'yanmu na yawon jari-bola suna tsintar gwangwani.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo maka da atamfa da sabulu, tsayar da shi ka tambaye shi abu uku. Na ɗaya, zai tilasta kowane rodi ya ɗauki tambarin masana'antarsa, a san wanda za a kama? Na biyu, zai sa a gwada rodin kowane ginin gwamnati kafin a zuba kankare, a kafe sakamakon a bainar jama'a? Na uku, zai gurfanar da jami'in da ya sa hannu a takardar ƙarya, ko ɗan wane ne?

In ya fara kame-kame, ka san amsarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma gwada rodi bayan gini ya rufta.

Ƙuri'arka ita ce hatiminka. Kada ka buga shi a kan jabu!