DASHEN MANHAJA DA RABON ƊALIBIN HAUSA A CIKINSA

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce jawo hankalin malamai da ɗaliban Hausa zuwa ga wani aiki wanda a kallon farko za a ce ba ruwansu da shi, wato ɗauke manhajar kwamfuta daga tsarin da aka gina ta a kansa a kai ta wani tsari dabam. Za a kira wannan aiki da sunan dashe, domin ya yi kama da abin da manomin fadamar Gummi yake yi idan ya cire irin albasa daga inda ya yafa shi ya mayar da shi gona. Za a ɗauki misali da manhajar gano kuskure, sannan a dubi yadda al'amarin ya shafi ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin Jihar Zamfara.

Mece ce manhajar gano kuskure?

Kowace manhaja jerin umarni ce da ɗan'adam ya rubuta wa na'ura, kuma duk abin da ɗan'adam ya rubuta ba ya rasa tuntuɓe. Masu wannan sana'a suna kiran irin wannan kuskure ƙwaro. A 1947 ma an taɓa samun ƙwaro na zahiri maƙale cikin wata kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka, aka manna shi a littafin aiki don tunawa. Manhajar gano kuskure ita ce ke bai wa magini damar tsai da wata manhajar tana tsakar aiki, ya leƙa abin da ta riƙe a ma'ajiyarta, ya bi ta taki bayan taki har ya isa wurin da ta kauce.

Fitacciya a cikinsu ita ce GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986 a ƙarƙashin shirin GNU. Sharaɗin da aka gindaya mata shi ne kowa yana da iznin karanta rubutunta na asali, ya gyara, ya raba wa wasu, muddin shi ma bai rufe nasa gyaran ba. Saboda haka ne aka dasa ta a kan Linux, wadda ta bayyana a 1991, da kuma Windows da sauran tsare-tsare masu yawa, galibi ta hannun mutanen da ba su taɓa haɗuwa da marubucinta na farko ba.

Shi dashen ba kwafe ba ne kurum. Kowace uwar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, tana da tata ƙofar da ake bi a tsai da aiki ko a leƙa ma'ajiya. Ƙofar Linux dabam, ta Windows dabam. Mai dashe yakan bar gangar jikin manhajar yadda take, ya sake rubuta ɓangaren da ke magana da uwar, sannan ya yi ta gwaji har ya ga ta kama. Ke nan yana bukatar abu biyu: iznin buɗe manhajar, da kuma sanin sabon wurin da zai kai ta.

Harshe ma wuri ne

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, manhajar da aka kawo ƙasar Hausa ba ta gama dasuwa ba har sai ta iya ɗaukar Hausa, kuma ba wanda ya san inda take tuntuɓe kamar wanda ya karanci harshen. Wannan ba sabon abu ba ne. Shi kansa rubutun boko dashe ne. Baƙaƙen Rumawa ba su da gurbin ɓ da ɗ da ƙ, sai da aka lanƙwasa musu kai, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta taimaka wajen zaunar da su a idon masu karatu. Tsarin Unicode na duniya ya bai wa waɗannan baƙaƙe lambobinsu tun farkon shekarun 1990, amma samun lamba bai kawar da matsala ba. Ga misalai uku.

Na farko, gajeren saƙon waya yana ɗaukar baƙaƙe 160. Da zarar an saka ƙ ɗaya tak a ciki, sai wayar ta koma wani tsarin lissafi wanda ke ɗaukar 70 kawai, saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗinsa ya ƙaru. Wannan yana daga cikin abubuwan da suka saba wa jama'a da rubuta kasa a madadin ƙasa, da baki a madadin baƙi. Mutum yakan gane daga zubin zance, amma na'urar da ke neman suna a rajista ba ta ganewa.

Na biyu, manhajar da ba a koya wa jerin baƙaƙen Hausa ba takan jefa duk sunan da ya fara da Ɓ ko Ɗ ko Ƙ can bayan Z, domin lambobinsu sun fi na sauran girma. Ma'aikacin asibiti da ke neman Ɗanjuma kusa da Dauda zai ɗauka babu shi.

Na uku ya fi kusa da gida. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, irin su Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, inda aka rasa yara kimanin 400. Magani irin wannan yana bukatar a riƙe sunan kowane yaro da ƙauyensa da sakamakon gwajin jininsa tsawon watanni. To, waƙafin sama da ke farkon sunan 'Yargalma, da wanda ke tsakiyar Sa'adu, shi ne alamar da yawancin harsunan kwamfuta suke amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi. Manhajar da aka rubuta da sakaci tana iya sarƙewa a kansa. Irin wannan ƙwaro ne manhajar gano kuskure take kamawa, amma sai an sami wanda ya san cewa waƙafin harafi ne a Hausa, ba a share shi.

Amsa ga masu suka

Wani zai ce mutanen da ke fama da 'yan bindiga ba lanƙwasar ƙ ce ta dame su ba. Gaskiya ne tsaro shi ne gaba. Sai dai a tuna cewa a Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda aikin tsaro, kuma duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet ta tsaya cik. Akwai buɗaɗɗun manhajoji irin su ODK, wadda masu bincike na Jami'ar Washington suka fara a 2008, da ke tattara bayanai a waya ko babu layi. Wanda aka ba iznin buɗe kayansa yana iya daidaita su da halin da yake ciki. Wanda aka rufe wa kuwa sai ya jira kamfani ya tuna da shi.

Wani kuma zai ce wannan aikin sashen kwamfuta ne. Rabinsa ne nasu. Magini zai iya tsai da manhaja ya nuna layin da ta kauce, amma ba zai iya yanke hukunci a kan shina da yana, ko hwaɗi da faɗi, ko zamna da zauna ba. Manhajar gyaran rubutu da ba ta san karin harshen yamma ba za ta ja wa maganar Bazamfare layi a matsayin kuskure, alhali karin harshe ne mai tarihi da adabi.

Kammalawa

Abin da ake nema daga sashen Hausa ba mai tsada ba ne. Ɗaliban da suka fito daga Anka da Gummi da Bukkuyum su tattara sunayen garuruwa da ƙauyuka da ingantaccen rubutunsu, a matsayin aikin kundin digiri. A haɗa su da takwarorinsu na sashen kwamfuta su gwada manhajojin da ake amfani da su a asibitoci da makarantu, su rubuta duk inda suka sarƙe, su aika wa masu kula da buɗaɗɗun manhajoji, domin ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Malamai kuma su karɓi irin wannan aiki a matsayin nazarin harshe na gaske, su ba shi maki. Magabata sun lanƙwasa baƙaƙe don injin buga littafi, saura na baya su kai su cikin wayar da ke aljihun kowa. Allah ya sa a dace.